A wurin horo ina kada kowa, a gaban jama'a gwiwoyina suke saki

"Assalamu alaikum Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 23. Asalina wani ƙauye ne a yankin Mirriya, amma yanzu ina zaune cikin garin Damagaram a gidan kawuna, ina aikin buga bulo. Tun ina yaro nake kokowa, kuma a ƙauyukanmu an san ni. Nan ma a wurin horo da wuya a samu mai kai ni ƙasa. Bara aka kira ni gwajin fidda waɗanda za su wakilci jiharmu a kokowar takobi, babbar gasar kokowa ta ƙasarmu Nijar. Da na shiga filin Langa-Langa, babban filin kokowa na Damagaram, na ji ganga na ga jama'a, sai bakina ya bushe, zuciyata ta riƙa dukan uku-uku, gwiwoyina suka saki. Na ji wani ɗan garinmu yana kiran sunana daga cikin taro, na ce a raina yau in na faɗi da wane ido zan koma gida. Wani yaro da na fi ƙarfi nesa ba kusa ba ya kada ni kafin in san abin da ake ciki. Tun daga ranar, kullum in na kwanta sai faɗuwar nan ta dawo mini. Ko a salula na ji kiɗan kokowa sai hannuna ya hau rawa. Kawu, wanda shi ma ya yi kokowa a zamaninsa, ya ce jifa aka yi mini, in tara kuɗi ya kai ni wurin wani mutum. Mai horar da mu ya kira ni matsoraci a gaban sauran yara. Baba daga ƙauye ya aiko cewa in bar wannan wasa in riƙe sana'ata. Wani abokina kuma ya ce in sha tramol kafin in shiga fili, tsoro zai gudu. Har yanzu ina zuwa horo, amma gwajin bana ya kusa kuma ban san abin yi ba. Asiri ne, ko ni ne ba ni da zuciya? In bari ko in ci gaba?"

Wani ɗan kokowa, Damagaram

Wa'alaikumus salam, ɗana. Na karanta wasiƙarka, na kuma ji zafin da ke cikinta. Faɗuwa a gaban taro, ga ƴan garinku suna kallo, ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba zan ce maka ka share ba, don da sharewa tana yiwuwa da tuni ka share. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda ka ce har yanzu kana zuwa horo. Mutum ya wuni cikin rana yana buga bulo, an kira shi matsoraci a gaban tsararsa, washegari kuma ya sake ɗaura walki ya fito. Marar zuciya ba ya yin haka. Saboda haka wannan tambaya ka ajiye ta gefe, mu duba sauran.

Mu fara da abin da ya faru a jikinka ranar nan. A saman kowace ƙoda ta ɗan Adam akwai wata ƴar gaɓa ƙarama. In ƙwaƙwalwa ta hango babban al'amari, haɗari ne ko karawa, sai ta aika wa gaɓar nan saƙo ta zuba wani sinadari cikin jini wanda likitoci suke kira adirenalin. Cikin ƴan daƙiƙu zuciya ta ƙara sauri don ta tura jini zuwa manyan tsokoki, numfashi ya hau, aikin narkar da abinci ya dakata. Shi ya sa yawu ke ɗaukewa, ciki ya murɗa, wani ma ya ji fitsari ya matse shi. Rawar hannu da ta gwiwa kuwa tsoka ce ta cika da shiri ba a ba ta aiki ba tukuna. Duk abin da ka lissafa mini yana cikin wannan. Jikinka ya yi abin da Allah ya halicce shi ya yi, wato ya tara maka ƙarfi don karo. Yaron da ya kada ka ma, da za ka same shi ya gaya maka gaskiya, da wuya bai ce shi ma bakinsa a bushe yake ba. Gogaggen ɗan kokowa in ya ji ƙirjinsa na bugawa ya san lokacin aiki ya yi. Kai kuwa da ka ji haka a karon farko, sai ka ɗauka wani abu ya lalace a jikinka, tsoron alamun ya hau kan tsoron taro, suka yi maka nauyi biyu.

Abu na biyu ka faɗe shi da bakinka. Ka ji an kira sunanka, sai hankalinka ya bar fili ya tafi ƙauye yana lissafin kunyar da ba ta riga ta zo ba. Ka taɓa tsayawa ka kalli ƴan mata suna lugude a turmi ɗaya? Su cilla taɓarya sama, su tafa, su cafe, suna hira suna dariya, ba mai karo da wata. Ka ce wa ɗaya daga cikinsu ta kula da hannunta sosai don ga baƙi suna kallo, nan take za ka ji taɓare sun gwaru. Haka ƙwarewa take. Kamun da ka shekara goma kana yi, jikinka ya haddace shi, yana fitowa da kansa matuƙar idonka da hankalinka suna kan abokin karawa. Da zarar ka koma kana sa wa kanka ido, kana tambayar ƙafarka ko ta tsaya daidai, sai ka makara da rabin daƙiƙa, kuma a kokowa rabin daƙiƙa ta isa a kai mutum ƙasa. Ranar nan ƙarfinka yana nan yadda yake, hankalinka ne ba ya wurin. Shi kuma hankali ana horar da shi, da jadawali da maimaici, kamar yadda kake horar da damtse.

Yanzu maganar kawu. Kada ka raina shi, kada kuma ka yi masa gardama a tsaye. Mutumin nan ya ba ka ɗaki a gidansa, ya san ƙurar fili, kuma da ya ce jifa ne, yana neman ya ɗauke maka laifin ne daga kanka. Wannan ƙauna ce. Ya tashi a zamanin da ba a raba kokowa da layu da guraye da rubutu, har yau kuma duk mai zuwa kallo yana ganinsu. Hukuncin abin da ya halatta da wanda bai halatta ba cikin waɗannan, ka nemi malamin da ka yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa ya yi maka bayani. Ni abin da zan sa a gabanka lissafi ne kawai. Tun da aka fara kokowar takobi a Tawa a shekarar 1975, inda Kantu na Maradi ya ɗauka, mutum ɗaya ke tafiya da takobi. Yanzu ƴan kokowa 80 ke haɗuwa, 10 daga kowace jiha cikin jihohi 8. Da wuya ka ga wanda ya zo hannu rabbana ba shirin gida, amma 79 suke komawa ba takobi. Ko Isaka Isaka na Doso, da ya ɗauke shi har sau shida, akwai shekarun da ya zo ya koma ba shi. Abin da nake ji maka tsoro shi ne ka kwashe guminka na wata uku ka kai wa wani, ka ɗora dukan yardarka a kan abin da ya ba ka, ranar da aka sake kada ka kuma ya ce maka na abokin karawarka ne ya fi ƙarfi, ka ƙaro kuɗi. Wannan hanya ba ta da ƙarshe.

Addu'a kuwa ka riƙe ta da hannu biyu. Cikin addu'o'in da suka tabbata daga Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, akwai neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da gajiyawa da kasala, da tsoro da rowa. Ka kuma buɗe Suratu Ɗaha ka ga ranar da aka tara mutane da hantsi, matsafa suka jefa igiyoyinsu da sandunansu. Alƙur'ani ya ce Annabi Musa, alaihis salam, ya ji tsoro a ransa, sai Allah ya ce masa kada ya ji tsoro. Ba ina haɗa kokowa da aikin annabci ba ne, Allah ya kiyaye. Ina nuna maka ne cewa jin tsoro a gaban taro bai taɓa zama hujjar rashin zuciya ba.

To daga ina yarda da kai ke fitowa? Akwai wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Albert Bandura, wanda ya koyar a jami'ar Stanford ta Amurka. Ya yi aiki da mutanen da tsoron maciji ya hana su sakat. Bai zaunar da su yana yi musu huɗuba cewa su daure ba. Yakan sa su kalli macijin daga nesa yana cikin akwatin gilashi, in sun saba su matso, su ga wani yana riƙe shi, su taɓa da safar hannu, a ƙarshe su ɗauka da hannunsu. A shekarar 1977 ya wallafa abin da ya gano: yardar mutum cewa zai iya wani abu tana samuwa daga ganin irinsa ya yi, da ƙarfafawar waɗanda ya yarda da su, da yadda yake ɗaukar alamun jikinsa, amma wadda ta fi duka ƙarfi ita ce shaidar da ya tara da kansa, ya gwada ya ga ya iya. Ka duba halinka da wannan ma'auni. A wurin horo kana da shaida ta shekaru, shi ya sa ba ka tsoron kowa. A babban fili kuwa shaidarka guda ɗaya tak ce, kuma ita ce faɗuwa. Aikin da ke gabanka shi ne ka tara wasu shaidun a gaban jama'a, daga ƙarami zuwa babba, har wannan ɗaya ta zama ɗaya cikin ashirin.

Ga yadda nake ganin za ka hau matakan. Ka fara da kiɗan nan da ke sa hannunka rawa. Ka kunna shi a salula lokacin da kake motsa jiki, kullum, kada ka kashe in rawar ta zo, ka ci gaba da abin da kake yi har ta lafa da kanta. Za ta lafa, don jiki ba ya iya zama cikin wannan hali har abada, kuma duk ranar da ka jira ta sauka ba ka gudu ba, ƙwaƙwalwarka ta koyi wani abu. Bayan sati ɗaya ko biyu ka gayyato abokanka na fada mutum biyar ko goma su zo wurin horo, ka roƙe su su yi ta ihu, su kira sunanka, wasu ma su goya wa abokin karawarka baya. In da hali a samo makaɗi ya zo da gangarsa, ko da kuɗin goro za a haɗa masa. Daga nan ka nemi kokowar unguwa, da ta ƙauyuka in an gama girbi, a yankinku na Mirriya ko wajen Matamai da Magariya, duk inda aka kafa fili. Ka shiga inda ba a san ka ba, ka kuma shiga inda aka san ka, don na biyun shi ne ainihin ciwonka. A wasu za a kada ka. Ka tashi ka kakkaɓe ƙasa ka miƙa wa mutum hannu, ka ga cewa gari ya waye ba abin da ya ragu a jikinka. Duk karawar da ka yi, da dare ka rubuta a ɗan littafi, ko ka naɗi muryarka a salula in rubutu zai ba ka wahala: abu biyu da ka yi daidai, abu ɗaya da za ka gyara. Ranar gwaji wannan littafi shi za ka buɗe.

Sai maganar daren nan da faɗuwa ke dawo maka. Ka sani, ɗana, kana yin horon ƙwaƙwalwa tun bara ba tare da ka sani ba, sai dai faɗuwa kake maimaitawa. Ƙwaƙwalwa tana koyo daga abin da aka sawwara mata, kuma an auna wannan. A shekarar 1992 wasu masu bincike biyu a Amurka, Guang Yue da Kelly Cole, sun raba mutane rukuni-rukuni. Wasu suka yi sati huɗu suna motsa ƙaramin yatsa da iyakar ƙarfinsu, wasu kuma suka zauna suna sawwara motsin kawai a ransu ba tare da yatsan ya motsa ba. Masu motsawa ƙarfin yatsansu ya ƙaru da kashi 30 cikin ɗari, masu sawwarawa da kashi 22. Dalili shi ne saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa tsoka ya ƙara kyau. Wannan ba ya maye gurbin gumi, amma yana ƙara masa albarka. Michael Phelps, ɗan ninƙayan Amurka da ya ci zinariya 8 a gasar Olamfik ta Beijin a 2008, mai horar da shi ya saba masa da ya riƙa kallon tserensa a zuci kafin barci da bayan farkawa, har da abin da zai yi in wani abu ya ɓaci. A ɗaya daga cikin tseren nan ruwa ya cika masa tabarau, ya daina gani, sai ya koma ƙirga bugun hannunsa har ya taɓa bango. Ya zo na ɗaya, ya kuma kafa sabon tarihi.

Kai ma ga naka. Wata rana da ba a komai ka je filin Langa-Langa, in ka samu mai gadi ya bar ka, ka cire takalmi ka taka yashin, ka tsaya inda ka tsaya bara, ka dubi wuraren zama har idonka ya saba da girman wurin. Daga nan kullum bayan sallar asuba, kafin ka fita aiki, ka zauna minti goma ka rufe ido. Ka ji ganga, ka ji ƙura a hancinka, ka ji bakinka ya bushe, kada ka cire wannan daga ciki don ranar ma zai bushe. Ka ji an kira sunanka daga taro. Sai ka ga kanka ka sauke numfashi, ka sunkuya, idonka a kan ƙugun mutumin, hannunka ya riga nasa. Wani lokacin ka sawwara ya kama ƙafarka ka kuɓuce, ko ya kawo taɗiya ka tsallake ka mayar masa. Ka yi shi da saurin da abin ke faruwa a zahiri, daga cikin idonka, ba kamar mai kallo daga gefe ba. In da wanda ya ɗauki karawar bara a salula, ka daure ka kalle ta tare da wanda ya san kokowa, ku nemo kuskuren ƙafa ko na tsayuwa da ya ba yaron ƙofa. Wataƙila ka miƙe tsaye da yawa, wataƙila nauyinka ya koma dunduniya. In ka samo shi, abin ya tashi daga "na ji kunya" ya koma "na bar ƙafar hagu a gaba", wannan kuwa ana gyara shi a sati biyu. In faɗuwar ta sake zuwa maka da dare, kada ka yi kokowa da ita, ka bar ta ta wuce, sa'an nan ka sake kallon karawar da gyaran a ciki.

Numfashi shi ne linzamin da ke hannunka a cikin fili. Fitar da iska a hankali tana rage saurin zuciya. Ka shaƙa ta hanci kana ƙirga huɗu har cikinka ya taso, ka fitar ta baki kana ƙirga shida ko takwas, sau biyar. Ka saba da shi tun a wurin horo kafin kowace karawa, don abin da ba a saba ba ba ya zuwa ranar buƙata. Ka haɗa shi da ƴan abubuwan da za ka riƙa yi iri ɗaya kullum: ka gyara walki, ka yi bisimilla, ka ɗebi ƙasa ka murza a tafi, ka sauke numfashi, ka faɗa wa kanka kalma ɗaya ko biyu da ke nuna aiki, kamar "ƙasa-ƙasa" ko "ƙugu". Kada ka ce "kar in faɗi", don wannan faɗuwar yake nuna wa hankali. Kirari ma yana da wurinsa, kakanninmu ba su ƙirƙiro shi a banza ba, yana tada tsikar jiki yana tuna wa mutum ko shi wane ne. Shawarata ka gina naka a kan abin da ka san gaskiya ne, garinku da aikin hannunka da waɗanda ka taɓa kadawa, don zuciya ba ta yarda da kirarin da mai shi ya san ƙarya ne.

Tramol kuwa, a'a, kuma a nan ba ni da sassauci. Maganin ciwo ne mai ƙarfi da likita ke rubutawa, yana kama mutum ya kasa bari, yana kawo jiri da amai, in ya yi yawa yana jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. Yana rufe zafi, sai ka ci gaba da karawa a kan gwiwar da ta riga ta ji rauni har ta lalace. Tun 1 ga Janairun 2024 hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta sa shi cikin abubuwan da aka haramta lokacin gasa. Ban da wannan duka, in ka ci nasara da shi, ƙwayar za ka gode wa, kai kuma ka zauna ba shaida ko ɗaya. Abokinka mai yiwuwa da kyakkyawar niyya ya faɗa, ka gode masa ka ce ba ka so, in kuma shi yana sha ka ja shi zuwa likita. Ka rage shayi mai kauri da dare a satin gwaji, ka samu barci.

Mai horar da ku bai kyauta ba da ya kira ka matsoraci a gaban yara, wannan zan faɗa kai tsaye. Amma irinsu da yawa haka aka horar da su, suna ganin zafin magana ke tada namiji, kuma mai yiwuwa takaicinsa ya yi yawa ne don ya san abin da ke jikinka. Ka same shi shi kaɗai, ba a wurin horo ba. Ka ce masa, "Maigida, ka san aikina a nan. Abin da ke ba ni wahala taro ne. Ina so ka taimake ni in saba da shi." Ka gaya masa shirin gayyato mutane da makaɗi, ka roƙe shi in zai yi maka gyara ya faɗi abin da ƙafarka ko hannunka ya yi. In ya karɓa, ka samu babban mataimaki, sauran yaran ma za su amfana, don ba kai kaɗai ke da wannan ciwo ba, kai ne dai ka faɗa. In ya ƙi, ka ci gaba da ɗaukar dabarun kokowa a wurinsa, wancan ɓangaren kuma ka nemi wani tsohon ɗan kokowa mai sanyin hali ya riƙe maka.

Baba yana da hujja, kada ka manta. Ya san mutum na iya karya kafaɗa ya rasa kokowar ya rasa bulon, ya kuma san waɗanda kokowa ke ciyarwa kaɗan ne. Mai yiwuwa kuma labarin faɗuwarka ya iske shi a majalisa ya ji maka ciwo, yana so ya raba ka da abin da zai sake sa ka kuka. Wannan magana ba ta salula ba ce. Ka shiga mota ka je ƙauye, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce masa sana'arka tana nan ba za ka sake ta ba, aiken da kake yi gida ba zai ragu ba, damina kuma kana gona. Ka roƙe shi ya ba ka shekara biyu da albarkarsa, in ba ka ga hanya ba ka dawo ku sake zama. In ya tsaya a kan bakansa, kada ka yi masa tawaye, ka sa kawu ko mahaifiyarka su taya ka roƙo, ka yi haƙuri har ya sauko.

Game da gwajin bana, hanya biyu ce kuma kowace mai mutunci ce. In lokacin da ya rage ya kai wata biyu kuma ka samu ka hau matakan nan, ka shiga. Amma ka shiga da burin da ke hannunka: ka yi numfashinka, ka tsaya ƙasa-ƙasa, ka zama kai ne ka fara kai kamu. In ka yi waɗannan uku ka ci jarrabawar bana, ko an ɗauke ka ko ba a ɗauke ka ba. In kuwa lokaci ya ƙure, ba laifi ka bar bana ta wuce ka cika ta da kokowar ƙauyuka, ka fito baɗi da littafinka cike. Shekararka 23, ba ka makara ba. Ka tuna Abdurrazak Isufu Alfaga, ɗan ƙasarmu mai wasan takwando. A Riyo ta Barazil a 2016 an doke shi a karawar ƙarshe duniya tana kallo, ya dawo da azurfa, lambar Olamfik ta farko da Nijar ta samu tun tagullar Isaka Dabore a dambe a 1972. Shekara ɗaya bayan haka, a Muju ta Koriya ta Kudu, ya zama zakaran duniya. Barin kokowa gaba ɗaya ma ba haramun ba ne, in wata rana ka duba ka ga ranka ya fita daga cikinta. Abin da ba na so shi ne ka yanke wannan hukunci yanzu, tsoro na riƙe da alƙalamin.

Abu ɗaya kuma da ba zan tsallake ba. In ka ga rashin barcin ya ƙi ƙarewa, ko bugun zuciyar yana zuwa maka a wurin aiki ba ganga ba taro, ko kana jin ciwon ƙirji, ko ka taɓa suma lokacin motsa jiki, ka je likita a duba ka kafin ka sake shiga fili, ko a asibitin unguwa ko a babban asibitin Damagaram. Ka gaya musu komai yadda ka gaya mini.

A wannan satin ka fara da kawu. Bayan sallar isha'i, in ya ci tuwo ya miƙe ƙafa, ka zauna kusa da shi ka ce, "Kawu, ranar da ka fara shiga babban fili, yaya ka ji a jikinka?" Ka yi shiru ka saurara, kada ka katse shi. In ya gama, ka roƙe shi ya zo wurin horo ranar da abokanka za su zo yin ihu, ya tsaya a gefenka ya riƙa duba maka ƙafa. Kuɗin da ka fara tarawa kuma ka sayi nama da ƙwai da fura, ka ajiye na mota zuwa ƙauyukan da za ka yi kokowa. Bayan karawarka ta uku a gaban jama'a ka rubuto mini yadda ta kasance, ko ka kada ko an kada ka. Allah ya ba ka sa'a, ya tsare maka gaɓoɓinka.